Duba Lafiyar Gida Kafin Saye: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

A ranar 1 ga Nuwamban 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke unguwar Ikoyi a Legas ya rufta, ya hallaka fiye da mutum 40, ciki har da mai ginin kansa. Gidaje ne na alfarma waɗanda aka riga aka fara tallata wa masu saye. Bayan ruftawar ne wata wasiƙa ta fito fili, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta tun watan Fabrairun 2020, yana sanar da janye hannunsa saboda ba zai iya ba da tabbacin ingancin ginin ba. Wato gargaɗin ya shafe fiye da shekara ɗaya da rabi a rubuce kafin ginin ya faɗi.

Arewa ma ta ga nata. A watan Agustan 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut da ke Kano ya rushe, sannan a ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta a Jos ya danne ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Irin waɗannan ne ke shiga labarai. Asarar da ta fi yawa kuwa a ɓoye take aukuwa: rufin da ke yoyo, bangon da danshi ke ci, wayar wuta da ke zafi a cikin silin, masai da ke tsiyaya cikin rijiya. Mai saye yakan gano su ne bayan ya biya kuɗi ya tare, lokacin da gyaran ya riga ya koma wuyansa.

A Najeriya babu dokar da ta wajabta a duba lafiyar gida kafin a sayar da shi. Wanda bai nemi a duba masa ba, babu mai duba masa.

Mene ne duba lafiyar gida?

Shi ne mai saye ya ɗauko ƙwararre mai rajista, wanda ba shi da wata alaƙa da mai sayarwa, ya bi gidan tun daga harsashi har zuwa rufi, sannan ya rubuta rahoto a kan halin da ya same shi. Rahoton yakan bayyana aibin da aka gani, da abin da ya haddasa shi, da girman haɗarinsa, da wanda ke buƙatar gyaran gaggawa da wanda zai iya jira.

A wasu ƙasashe wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka an kafa ƙungiyar masu duba gidaje ta ASHI tun 1976, kuma an saba sanya sharaɗi a yarjejeniyar ciniki cewa mai saye na da wasu kwanaki da zai sa a duba gidan, idan bai gamsu ba ya janye. A Ingila ƙungiyar RICS ta kasa dubawar mataki uku, daga ta sama-sama zuwa mai zurfi wadda ta dace da tsofaffin gidaje. A Sukotland kuwa, tun watan Disamban 2008 doka ta ɗora wa mai sayarwa nauyin samar da rahoton gida kafin ya sa shi kasuwa.

Najeriya ba ta da sana'ar da ke ɗauke da wannan suna, sai dai tana da ƙwararrun da suka iya aikin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne al'adar kiran su kafin a biya kuɗi.

Bincike uku da ake cakuɗawa

Masu saye da yawa sukan ɗauka cewa da zarar lauya ya duba takardu, ko banki ya turo wakilinsa ya zagaya gidan, an gama komai. Alhali bincike uku ne daban-daban, kowanne da tambayar da yake amsawa.

Na farko shi ne binciken takardu, wanda ke tantance ko mai sayarwa ne ainihin mai gidan, ko an jinginar da shi, ko akwai shari'a ko rigimar gado a kansa. Wannan aikin lauya ne, a ofisoshin rajistar filaye irin su AGIS a Abuja, KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi cewa sai da amincewar gwamna ake mayar da takardar shaidar mallaka daga hannu zuwa hannu. A nan ne kuma ake gano bashin harajin ƙasa, wanda ba abin wasa ba ne: a watan Maris na 2025 Hukumar Babban Birnin Tarayya ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan sa na tsawon shekaru.

Na biyu shi ne ƙiyasta daraja, wato nawa gidan zai yi a kasuwa. Bankunan ba da lamunin gida, har da masu aiki da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, sukan nemi wannan ne domin su tabbatar kuɗinsu zai fito idan aka kasa biya. Mai ƙiyasi yana kare banki ne, kuma ba a ɗauke shi domin ya hau cikin silin ko ya gwada kankare ba.

Na uku shi ne duba lafiyar ginin kansa. Gida na iya samun takardu tsaf, a kuma yi masa ƙiyasi mai tsoka, amma harsashinsa na nutsewa.

Wa doka ta ɗora wa asara?

Dokar cinikin ƙasa da gidaje da Najeriya ta gada daga Ingila ta ginu ne a kan ƙa'idar cewa mai saye shi zai buɗe idonsa. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyar matsalar da ta shafi mallaka, amma a mafi yawan lokuta ba a tilasta masa ya lissafa aibin jikin gini ba. Inda doka ke kama shi shi ne idan ya yi ƙarya da aka tambaye shi, ko ya ɓoye aibi da gangan, kamar ya cike babbar tsaga ya shafe ta da fenti domin ya yaudari mai saye. Tabbatar da hakan a kotu kuwa yakan ci lokaci da kuɗi.

Fiƙihun Malikiyya, wanda akasarin Musulmin Arewa ke bi, ya fi tsananta wa mai sayarwa. Ya wajabta masa bayyana aibin da ya sani, ya kuma ba mai saye zaɓi idan ya gano tsohon aibi bayan ciniki. Malaman mazhabar sun bambanta aibin gida gwargwadon girmansa: akwai ɗan ƙarami da ba ya taɓa farashi, akwai matsakaici da ake rage kuɗi saboda shi, akwai kuma babba da ke ba da damar mayar da gidan. Amma a nan ma sai an nuna cewa aibin ya girmi cinikin, kuma wanda ya ga aibi ya amince ya saya a haka ya zubar da zaɓinsa. Saboda haka rahoton ƙwararre ya fi amfani kafin a sallama, lokacin da mai saye ke da damar neman ragi, ko neman a gyara, ko ya haƙura da gidan.

Wa ya cancanci dubawa?

Idan bene ne, ko gida ne mai tsaga a jiki, ko wanda aka ƙara wa hawa, injiniyan gini ake nema, mai rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 domin kula da aikin injiniya. Magina masu ilimin boko suna rajista da CORBON, masu zanen gini da ARCON, masu ƙiyasta darajar kadarori da ESVARBON, safiyo masu awon fili kuma da SURCON. Kowane ɗayansu yana da lambar rajista, kuma ana iya tantance ta a wajen hukumarsa. Wannan tantancewa tana da muhimmanci, domin a wuraren gini kusan duk wanda ya sa hular kwano akan kira shi injiniya.

Gogaggen birkila ko kafinta na iya hango abubuwa da dama, kuma babu laifi a tafi da shi. Bambancin shi ne ƙwararre mai rajista yana sa hannu da hatiminsa a kan rahoto, kuma akwai hukumar da za a kai shi ƙara idan ya yi sakaci.

Sharaɗi mafi girma shi ne mai saye ne zai zaɓo mai dubawa, shi zai biya shi. Dillali, komai kirkinsa, la'adarsa tana rataye ne da faɗuwar ciniki. Injiniyan da dillali ko mai gida ya kawo yana da wanda yake jin kunya. Haka kuma ya kamata a yanke ladan dubawa tun farko, a biya ko an sayi gidan ko ba a saya ba, kuma a yi hattara da mai dubawar da ke neman a ba shi kwangilar gyaran abin da ya gano.

Abin da ake dubawa

Aikin yakan fara ne daga waje. Mai dubawa zai lura da gangaren fili da inda ruwan sama ke bi, ko daɓen gidan ya fi titi tudu, ko akwai magudanar ruwa, ko kuma an gina gidan a kan hanyar ruwa ko a tsohon kududdufin da aka cike da shara. A tsofaffin birane irin su Kano, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, kuma irin wannan ƙasa takan ci gaba da zama shekara da shekaru. A wasu sassan Borno, Gombe da Adamawa akwai baƙar laka, wadda a Borno ake kira firgi, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga harsashi tana sauke shi. A Maiduguri kuwa, bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024, duk gidan da ruwa ya kwana a cikinsa yana buƙatar a duba harsashinsa da wayoyinsa kafin a saye shi. Layin da ambaliya ta bari a jikin katanga da bayanin maƙwabta sukan faɗi abin da mai gida ba zai faɗa ba.

Daga nan sai tsaga. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya mai kama da gashi a jikin filasta yawanci bushewar siminti ce. A ma'aunin da cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta fitar, wanda injiniyoyi ke amfani da shi sosai, tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba ana ɗaukar ta a matsayin ta ado, daga 5 zuwa 15 tana buƙatar gyara na sosai, wadda ta haura 25 kuwa alama ce ta cewa ginin na cikin haɗari. Fasalinta ma yana magana. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, takan nuna wani ɓangaren harsashi ya zauna. Ƙofofin da suka daina rufuwa da tayil ɗin da ke fashewa a layi ɗaya sukan tabbatar da hakan.

A bene, hankalin injiniya yakan koma kan ginshiƙai da bim da dakin. Zai duba ko dakin ya lotsa, ko rodi ya fito yana tsatsa, ko kankare na ɓantarewa. Tsatsa tana kumbura rodi, kumburin kuma yana fasa kankaren da ke rufe da shi. Akwai guduma ta musamman da ake auna taurin kankare da ita ba tare da an fasa ba, akwai na'urar da ke nuna inda rodi yake da tazarar da ke tsakaninsa, idan kuma shakka ta yi yawa sai a yanko ɗan guntun kankare a kai ɗakin gwaji. Zai kuma kwatanta ginin da zanen da hukumar tsara birane ta amince da shi, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Gidan da aka yi wa harsashin hawa ɗaya aka ɗora masa biyu yana ɗauke da nauyin da ba a lissafa masa ba, kuma yana cikin barazanar rusau.

Rufi ba a duba shi daga tsakar gida. Sai an shiga cikin silin da fitila a ga katako, ko gara ta ci shi, ko an yi masa magani, ko an ɗaure shi da jikin gini yadda iskar farkon damina ba za ta yaye kwanon ba. Tabon ruwa a silin shaidar yoyo ce ko da an zo da rani. A gidajen da aka gina shekaru da dama da suka wuce akan tarar da rufi ko silin na asbesto, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da daji idan aka fasa shi ko aka yanke shi, don haka cire shi na buƙatar kulawa da ƙarin kuɗi.

Danshi yakan bayyana a gindin bango: fenti na kumbura, filasta na zubewa, wani farin gishiri na fitowa. Sababinsa sau da yawa shi ne rashin shimfiɗar kankare da ledar da ke hana ruwan ƙasa hawa bango, ko kuma bututun da ke yoyo a ciki. Sabon fenti a iya gindin bango, ko a bango ɗaya tak a cikin ɗaki, abin tambaya ne. Gidan da aka yi wa kwalliya ana gobe za a nuna shi yakan zama kyan ɗan maciji.

A ɓangaren wuta, ana duba kaurin waya ko ya dace da nauyin da za ta ɗauka, ko jan ƙarfe ce ta gaske, ko akwai makatsar da ke yanke wuta idan ta yi yawa, ko an binne sandar da ke kwashe wutar da ta kauce zuwa ƙasa. Ana duba makunnin da ke sauya wuta tsakanin ta kamfani da ta janareta, da inda aka ajiye batiran sola, da ɗakin janareta, domin hayaƙinsa ya sha kashe iyali guda cikin dare. Hukumar NEMSA ce ke da alhakin ingancin aikin lantarki a ƙasar. Yana da kyau kuma a tambayi kamfanin rarraba wuta ko akwai bashi a kan mitar gidan.

Sai ruwa da masai. Ana buɗe kowane famfo, a zuba ruwa a kowane bayi a ga yadda yake wucewa, a ɗaga murfin sokawe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin masai da rijiya ko bohol, har da masan maƙwabta da ke bayan katanga. Ƙa'idojin kiwon lafiya sukan ba da tazarar mita 15 zuwa 30, gwargwadon irin ƙasar. A unguwanni masu cunkoso da wuya a sami hakan, shi ya sa gwada ruwan a ɗakin gwaji ya dace kafin iyali su fara sha.

Ginin ƙasa yana da nasa abin lura. Ana duba azara ko ta ruɓe, da indararo ko yana jefa ruwa nesa da bango, da gindin katanga ko ruwa ya zaizaye shi. Filastar siminti a kan bangon ƙasa takan ɓoye ramin da ruwa ko gara suka yi a ciki, kuma ƙwanƙwasawa kaɗai kan tona shi.

Iyakar abin da dubawa ke iya nunawa

Mai dubawa yana ba da rahoto ne a kan abin da ya iya gani ko ya iya aunawa a ranar da ya zo. Ba ya ganin cikin harsashi sai an tona, ba ya ganin bututun da aka binne, kuma ba zai fasa bangon gidan da ba a riga an saya ba sai da izinin mai shi. Rahoto nagari yakan faɗi wuraren da ba a samu shiga ba da dalilin hakan. Ɗakin da aka ce makullinsa ya ɓace ranar dubawa, ya kamata a koma masa.

Lokaci ma yana da tasiri. Gidan da aka duba a watan Maris zai iya ɓoye abin da watan Agusta zai tona. Idan da hali, a ziyarci gidan bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Idan da rani ne, a nemi alamun da damina ta bari.

Yadda ake tsara ciniki

Kuskuren da aka fi yi shi ne biyan kafin alƙalami mai yawa tukuna, sannan a tuna da injiniya. Tsarin da ya fi aminci shi ne a rubuta a yarjejeniya cewa cinikin ya dogara ga sakamakon binciken takardu da duba gini cikin kwanakin da aka ƙayyade, kuma za a mayar da kuɗin idan aka gano babban aibi. Sa hannun mai unguwa da shaidu yana tabbatar da cewa an yi ciniki, amma ba ya cewa komai game da ƙarfin ginshiƙi.

Ya kamata mai saye ya halarci dubawar da kansa, ya yi tambayoyi, ya karɓi rahoto a rubuce mai hotuna da kwanan wata da lambar rajistar wanda ya rubuta. Idan rahoton ya nuna gyara, mai lissafin kuɗin gini zai iya ƙiyasta abin da zai ci, da wannan adadi ake komawa teburin ciniki. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a duba gidansa, ko ya matsa a biya yau saboda wai wani na jira da kuɗi a hannu, ya riga ya ba da wani ɓangare na amsar.

Sabon gida ma ba ya kuɓuta. Masu sayen gida a rukunin gidaje tun yana kan takarda suna cinikin biri a sama ne, sai fa idan yarjejeniyarsu ta ba injiniyansu damar zuwa a matakai masu muhimmanci: lokacin harsashi, kafin a zuba kankaren dakin yayin da rodi ke bayyane, da kuma kafin karɓar makulli. Suna da haƙƙin neman ganin izinin gini, da sakamakon gwajin ƙasa da na kankare, da rubutaccen wa'adin da kamfani zai gyara duk aibin da ya fito bayan tarewa.

Inda gwamnati ta shigo

Duk wannan nauyi ya faɗo kan mai saye ne saboda raunin sa ido tun lokacin gini. Najeriya ta samar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006, amma tun a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, in ban da Abuja. Ma'ana, ƙa'idojin ba sa hawa kan magini a Kano ko Sakkwato ko Bauchi sai jihar ta mayar da su dokarta, ta kuma ɗauki ma'aikatan da za su bi gine-gine. Legas ta kafa hukumar sa ido kan gini ta LASBCA, tana kuma da tsarin ba da takardar shaidar cewa gini ya kammala kuma ya dace a zauna a ciki, amma ruftawar Ikoyi ta nuna cewa doka a takarda ba ta tsayar da bene.

Saboda haka majalisun dokokin jihohi ne wurin da za a nemi sauyi: dokar da za ta wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani a rubuce, da rajistar izinin gini da kowa zai iya bincikawa, da hukunci ga jami'in da ya sa hannu a kan ginin da bai taka ƙafarsa ya gani ba. Kafin a kai ga haka, kariyar da ke hannun mai saye ita ce ƙwararren da ya ɗauko da kansa, da rahoton da ya karanta kafin kuɗi su bar asusunsa.